Sharhi: Wa ke yi wa ango faɗa?

Masu sauraro, barkanmu da war haka.

Duk wanda ya taɓa halartar kai amarya ya san huɗubar da ake yi mata. Gwaggo da inna su sa ta a tsakiya: "Ki yi haƙuri, aure ibada ne. Yi na yi, bari na bari." Tana kuka ana ƙara nanata mata. To shi angon fa? Yana waje da abokai ana shewa, ana shirin sayen baki. Da wuya ka ji kawunsa ya ja shi gefe ya ce: "Amana aka ba ka, kada ka kuskura ka ɗaga mata hannu."

Ai karatunsa ya daɗe da ɗauka a tsakar gida. Yaro ya taso yana ganin an mari mahaifiyarsa don gishiri ya zarce a miya. Ta yi yaji, iyayenta suka maido ta tun ba a je biko ba, wai kada a ce 'yarsu ta kasa zaman aure. In ya doki ƙanwarsa, a ce mata "ai yayanki ne." In shi ya yi kuka, a ce "kai mace ne?" Barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ita ma doka ta daɗe tana kau da kai. Sashe na 55 na kundin hukunta laifuka na Penal Code, wanda Arewa ta fara aiki da shi a 1960, bai ɗauki dukan da miji ke yi wa matarsa da sunan ladabtarwa a matsayin laifi ba, muddin al'ada ta yarda kuma ba a yi mummunan rauni ba. Sai a 2015 aka sa hannu kan dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane, wato VAPP, mai hukunta wanda ya doki abokin zamansa na aure, jihohi kuma suka riƙa karɓarta da jan ƙafa.

Masu fakewa da addini fa? Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta shaida cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko hadimi ba.

A Disambar 2024, wurin wani taro a Jami'ar Bayero, Sarki Muhammadu Sanusi na II ya ce yana gaya wa 'ya'yansa mata cewa duk wadda mijinta ya mare ta, ta rama. Gari ya ɗauka, aka yi ta ka-ce-na-ce a majalisu da Facebook. Abin lura, da yawa cikin masu kumfar bakin ramuwar ce ta tsone musu ido. Marin farko bai dame su ba.