Abin da Ke Ba Masanan Turai Wuya a Addinin Buda

Jama'a, barkanmu da yamma. Bari in fara da wani labari daga nassoshin mabiya Buda.

Wani almajirin Buda, Malunkyaputta, ya zo masa da tambayoyi: duniya dawwamammiya ce ko kuwa? Rai da jiki abu ɗaya ne? Ya ce in ba a amsa masa ba, zai ajiye rigar sufanci ya koma gida. Buda ya ce masa, kai kamar wanda aka harba da kibiya mai dafi ne, aka kawo mai magani, ya ce kada a zare ta sai an faɗa masa wanda ya harbe shi, da danginsa, da irin bakan. Kafin a gama bayani, rai ya yi halinsa.

To, ni a ganina halin masanin Turai ke nan. Ta ƙofar littafi Turawa suka shiga wannan addini. Wani Bature, Rhys Davids, ya koyi harshen Pali, wato harshen tsofaffin nassoshin addinin, yana ma'aikacin mulkin mallaka a Silon, wato Siri Lanka ta yau, a 1881 kuma ya kafa ƙungiyar buga nassoshin Pali a Ingila. Da yawan Turawan suka karanta, suka ce falsafa ce tsantsa, mutanen da ke rusunawa gaban mutum-mutumin Buda kuwa sun gurɓata asali. Ku ji fa, baƙo yana koya wa ɗan gari hanya!

Akwai kuma wata matsalar da ta fi zurfi. A 1637 Descartes, ɗan Faransa, ya ce tunda yana tunani, lallai yana nan. A kan wannan "ni" aka yi ta gini. Buda kuwa ya koyar da anatta, cewa in ka binciki jiki da ji da tunani, ba za ka sami wani "ni" tabbatacce ba. Kuma ba da muhawara ake so ka gane ba. Zama za ka yi, ka lura da numfashinka. A zaman kwana 10 irin na Goenka, wani malamin Indiya da ya koyar da wannan lura, babu hira, babu karatu, babu rubutu. Ku ƙaddara farfesa an karɓe masa biro da littafi.

Daga baya Amurka ta sami mafita mai sauƙi. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya fara shirin mako 8 na koyar da irin wannan lura a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts, don rage damuwa. Marasa lafiya sun amfana, ban musa ba. Amma lura da numfashin aka ɗauka, aka bar alkawura biyar da mabiyin Buda ke farawa da su: kada ya kashe rai, kada ya yi sata, ko alfasha, ko ƙarya, ko ya sha abin maye.