Wasiƙun da suka tsaya wa Harriet Jacobs shaida

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Yau daga Rochester nake magana da ku, a jihar New York ta Amurka. Ginin da kuke gani a bayana ɗakin karatu ne na jami'ar garin, kuma a cikinsa ake ajiye da wasiƙun wata baiwar Allah, Harriet Jacobs. Su suka kawo ni.

An haifi Harriet cikin bauta a Edenton, jihar North Carolina, a 1813. Tun tana 'yar shekara 15 ubangidanta, wani likita, ya sa ta a gaba da neman lalata. Da abin ya kai maƙura sai ta ɓuya a wani lungu ƙarƙashin rufin gidan kakarta, wurin da ko miƙewa tsaye ba ya yiwuwa. Kusan shekara 7 ta yi a ciki, jama'a! Tana jin muryar 'ya'yanta biyu, tana leƙensu ta wata 'yar huda, amma ba halin ta kira sunansu. Sai a 1842 ta samu ta tsere zuwa jihohin arewa, inda aka hana bauta.

A 1849 ta zo garin nan, ta yi aiki a ɗakin karatun masu yaƙi da bauta, a saman ofishin jaridar Frederick Douglass, wani jagoran yaƙi da bauta wanda shi ma daga bauta ya tsere. A gidan wata Baturiya mai suna Amy Post ta sauka, kuma ta buɗe mata cikinta. Amy ta ce mata ki rubuta. Harriet ta daɗe tana ja da baya, kuma wallahi na fahimce ta. Mace ta raɗa wa aminiyarta abin da aka yi mata daban, ta shimfiɗa shi a takarda duniya ta karanta kuma daban.

Bayan ta bar Rochester sai wasiƙu suka riƙa kai-komo tsakaninsu. A ciki take faɗin yadda take rainon 'ya'yan masu gida da rana, sai dare ya tsala ta ɗauki alƙalami. A ciki ne kuma ta koka da Harriet Beecher Stowe, shahararriyar marubuciyar nan, wadda ta so ta cusa labarin a cikin nata littafin. Jacobs ta ce a'a, da hannuna zan rubuta abina. Wannan taurin kan nata shi ya fi burge ni.

Littafin ya fito a 1861 da sunan aro, Linda Brent, wata Baturiya marubuciya, Lydia Maria Child, ce ta tace shi. To a nan ne abin takaicin yake. Shekara da shekaru masana da dama suna cewa ƙagaggen labari ne, ko kuma Child ce ta rubuta, wai ina baiwa ina irin wannan rubutu. An raba ta da 'yancinta, sannan bayan ranta aka so a raba ta da aikinta.

Sai da wata farfesa, Jean Fagan Yellin, ta zauna ta bi wasiƙun nan ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa su da takardun Edenton, ta gano likitan da kakar da gidan. A 1981 ta bayyana hujjojinta, a 1987 aka sake buga littafin da cikakken sunan mai shi. Da iyalan Post sun ɗauki takardun a matsayin hirar mata kawai suka zubar, da wa zai tsaya mata?

Yanzu bari in ƙarasa maƙabartar Mount Hope, ga ta nan daf da jami'ar. A can aka binne Amy Post, Douglass ma yana can. Ku biyo ni.