Amsoshin Tambayoyinku: Rikicin Iyaka Tsakanin Maryland da Pensilbaniya

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a wannan fili. Wasiƙar yau ta fito ne daga wani malamin makaranta a Damagaram. Yana tambaya: shin Turawan da suka yi kaka-gida a Amurka sun taɓa ɗaukar makami a kan junansu saboda iyaka, alhali sarkinsu ɗaya?

Malam, sun yi, har da zubar da jini. Tushen abin yana fadar Ingila. A 1632 Sarki Charles na Ɗaya ya ba gidan Calvert ƙasar Maryland, iyakarta ta arewa layin digiri 40 na taswirar duniya, arewa da ekwita. A 1681 kuma Charles na Biyu ya ba William Penn ƙasar Pensilbaniya, don biyan bashin da mahaifin Penn ke bin masarauta. Taswirar da aka yi rabon da ita ba daidai take ba. Da aka auna, sai ga birnin Filadelfiya, hedikwatar Penn, ya faɗa cikin rabon Calvert.

Talakawan da ke noma a gaɓar Kogin Susquehanna su ne suka ji a jikinsu, domin kowane ɓangare haraji yake nema a wurinsu. A 1730 wani mai suna Thomas Cresap ya zo da takardar fili daga Maryland, ya kafa gida a yammacin kogin. Daga nan aka shiga kashe wa juna dabbobi, da kame, da korar mutane daga gonakinsu. A 1736 manoma Jamusawa da ke wurin suka ce sun bar Maryland sun bi Pensilbaniya, Maryland kuwa ta turo dakaru kimanin 300. A watan Nuwamban shekarar, jami'an gundumar Lancaster ta Pensilbaniya suka kewaye gidan Cresap, suka banka masa wuta, suka tafi da shi Filadelfiya a ɗaure. Ana cewa ko a can bai risina ba, ya dubi birnin ya ce yana cikin garuruwa mafiya kyau a Maryland.

Sai da Sarki George na Biyu ya sa baki kafin ƙura ta lafa a 1738. Kotu a Landan ta ba gidan Penn gaskiya a 1750. Daga 1763 zuwa 1767 masana awo biyu, Charles Mason da Jeremiah Dixon, suka shata layin iyaka a tazarar mil 15 kudu da Filadelfiya, suna kafa dutse a kowane mil, kowane dutse na biyar kuma ɗauke da tambarin gidajen biyu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, Malam, shi ne ƙasar nan tana da masu ita tun kafin jirgin Bature ya iso, amma babu wanda ya kira su gaban kotun Landan. A Oktoban 1767 'yan ƙabilar Irokwa, 'yan asalin ƙasar, da ke yi wa masu awon jagora suka iso wata tsohuwar hanyar mayaƙa, suka ce daga nan ba sa ƙara taku ɗaya. Dole Mason da Dixon suka naɗe kayansu suka juyo.