Darasi: Sauya Salansar A-kori-kura Ba Tare da Faɗuwa a Gwajin Hayaƙi Ba

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili daga nan Kaduna. Darasinmu na yau ya shafi masu a-kori-kura, ko Hilux ce, ko Tacoma da Tundra da ake shigo da su daga Amurka, waɗanda suke son sauya salansa domin ta tsufa, ko domin suna neman ƙarin ƙarfi da murya mai kauri, amma suna tsoron kada a riƙe musu takardar shaidar lafiyar mota ranar da aka gwada hayaƙinta.

Kafin a yanka komai, ya kamata mai mota ya san abin da ke ƙarƙashin motarsa. Idan aka ɗaga ta aka bi bututun daga injin zuwa baya, za a fara cin karo da bakunan da ke tattara hayaƙi daga kowace silinda, sai sensa ta farko mai auna iskar oksijin, sai tukunyar tace hayaƙi wadda makanikai suke kira indomi, sai sensa ta biyu, sannan tukunyar rage ƙara da bututun da ya fita ta baya. Ƙa'idar da nake so ku riƙe ita ce, duk abin da ke bayan sensa ta biyu kuna da damar sauya shi, amma daga nan zuwa injin a bar shi yadda masana'anta suka tsara.

Dalili yana cikin tukunyar tacewa. Idan aka haska cikinta da tocila, za a ga wani farin dutse mai dubban ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wanda aka shafe da ƙarafa masu tsada guda uku, wato filatinam da faladiyam da rodiyam. Da zarar tukunyar ta yi zafin da ya kai digiri 250 zuwa 300 a ma'aunin Salshiyos, waɗannan ƙarafa suna fara mayar da iskar kabon monoksaid da ɗanyen man da bai ƙone ba su zama kabon dayoksaid da tururin ruwa, suna kuma warware iskar naitirojin oksaid mai cutar da huhu. Tun motocin shekarar 1975 aka fara sanya ta a yawancin motocin Amurka, kuma a nan gida hukumar tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, wato NESREA, ta fitar da ƙa'idojin hayaƙin motocin fetur da dizal a 2011. Tsadar ƙarafan nan ce ta sa ake da masu sayen tsohuwar indomi, ita ce kuma ta sa wasu makanikai suke saurin cewa ta toshe a cire ta. Ana kuma gaya wa mai mota cewa cire ta zai rage shan mai. A ganina wannan magana ba ta da tushe idan tukunyar lafiya lau take, domin wanda ya ci riba shi ne wanda ya tafi da dutsen, mai mota kuwa ya koma gida da wari da ƙara da fitilar gargaɗin injin a kunne.

Gaskiya ne tukunyar tana toshewa. Alamarta ita ce mota ta rasa ƙarfi a kan hawa ko da an taka totur har ƙasa, ko a ji abu yana kacau-kacau a ciki idan an buga ta da hannu bayan ta huce. Sai dai ba ta lalacewa haka kawai. Fulogi da ba ya ba da wuta yana tura ɗanyen mai cikinta ya ƙone a can har dutsen ya narke, haka kuma injin da ke shan baƙin mai yana lulluɓe ramukan da toka. Wanda ya sayi sabuwa bai gyara waɗannan ba, zai sake saye.

Yanzu mu zo kan aikin da aka yarda a yi. Masu walda na Fanteka gwanaye ne wajen haɗa bututu, amma mai mota shi ya kamata ya je da awonsa. Ga injin fetur mai silinda huɗu, irin mai lita 2.7 da ke cikin Hilux da yawa, bututu mai faɗin inci 2.25 zuwa 2.5 ya wadatar. Mutane suna zaton duk yadda bututu ya ƙara faɗi haka ƙarfi zai ƙaru, alhali idan ya yi faɗi da yawa hayaƙin yana rage gudu a cikinsa, sai motar ta yi nauyin tashi a ƙaramar giya, wanda kuwa shi ne ƙarfin da mai ɗaukar buhunan masara daga Saminaka yake buƙata. A duba lanƙwasa da kyau, domin bututun da aka lanƙwasa ya moɗe a gwiwa ya riga ya rasa faɗin da aka biya kuɗinsa. A yi amfani da ƙarfen da ba ya tsatsa idan da hali, a rataye shi da robobinsa, kada a yi masa walda a jikin shasi, saboda injin yana motsi kuma bututun da aka ƙage zai tsage a mahaɗa. Bakin bututun kuma dole ne ya fita bayan wurin zaman mutane. Kabon monoksaid ba shi da launi ba shi da wari, kuma mun san yadda ake cika bayan a-kori-kura da fasinjoji ranar kasuwa, don haka gutsure salansa a ƙarƙashin bodi ganganci ne da rayukan mutane.

Bayan an gama walda, a tayar da mota a kusantar da hannu kusa da kowace mahaɗa, ba tare da an taɓa ƙarfen ba, a ji ko iska tana fita, a kuma nemi baƙin tabo a gefen gaskit. Ɓula ƙarama tsakanin injin da sensa ta farko tana jawo iska daga waje, sai kwamfutar mota ta ɗauka mai ya yi kaɗan ta ƙara turo shi, alhali ma'aunin da injin fetur yake so shi ne kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, idan aka auna da nauyi.

A wurin gwaji, idan motar fetur ce, ana zura ma'auni a bakin salansa ya karanta yawan kabon monoksaid da ɗanyen mai. Idan ta dizal ce, ana taka totur a auna duhun hayaƙin. Launin hayaƙi yana faɗa maka sakamakonka tun kana gida: baƙi yana nuna mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, sai a duba matatar iska da nozul, shuɗi yana nuna baƙin mai yana ƙonewa ta ringi ko tobo, fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan injin ya ɗumama kuwa yana nuna ruwan lagireto yana shiga silinda. A lokacin hunturu ƙurar Kaduna tana cika matatar iska da wuri, kuma sau da yawa ita kaɗai ce matsalar. Masu sababbin motocin dizal da ke da matatar toka su riƙa ba su doguwar tafiya lokaci-lokaci, domin zirga-zirgar cikin gari ba ta ba matatar zafin da za ta ƙone abin da ta tara.

Akwai dabarar da wasu suke yi ta cire kan batir ko goge lambar matsala da kwamfuta ana gobe gwaji. Motocin Amurka daga 1996 suna da tsarin kwamfuta mai binciken lafiyar injin da ake kira OBD-II, wanda yake nuna wa mai gwaji cewa an goge bayanan kwanan nan kuma motar ba ta kammala binciken kanta ba, sannan lamba irin P0420, mai nuna tukunyar tacewa ta yi rauni, tana dawowa bayan 'yan tafiye-tafiye. Abin da ya dace shi ne a yi gyaran mako guda kafin ranar, a sauya baƙin mai da fulogi idan lokacinsu ya yi, a yi ta hawa motar a gari da babban titi. Ranar gwajin kuma kada a je da injin mai sanyi. A bi hanyar Zariya ko ta Abuja na kimanin minti ashirin domin tukunyar ta ɗauki zafi, idan kuma an tarar da layi mai tsawo, a sake ɗumama injin kafin a zura ma'aunin.