Wa ke hawa dandamali a taron likitocin zuciya?

(An rubuto daga rikodin na wata lacca da aka yi wa ɗaliban likitanci 'yan Zango a Kumasi.)

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji? Madalla. Abu huɗu zan taɓa kan ƙarancin mata cikin masu jawabi a taron likitocin zuciya, in lokaci ya bari.

Na farko, gayyatar kanta. Wani zai ce ai minti ashirin ne, mutum ya hau ya sauko. A jami'a ba haka ake lissafi ba. Ranar da malami ya nemi farfesa, kwamiti zai duba rubuce-rubucensa, zai kuma duba wa ya taɓa kiransa ya yi jawabi, a wace ƙasa. Wanda aka gani bana shi za a tuna baɗi, shi kuma za a ɗora a kwamitin tsara ƙa'idojin magani.

Na biyu, adadi. A Amurka aka fi ƙirge. Tun 2019 mata sun haura rabin ɗaliban likitanci, amma cikin likitocin zuciya wajen kashi 15 cikin 100 ne. Masu zura bututu ta jijiya su buɗe hanyar jinin da ta toshe kuwa, mata a cikinsu ba su kai kashi 10 ba. Shi ya sa mai shirya taro zai ɗaga kafaɗa ya ce: babu su ne, ya zan yi?

To nan nake so ku kasa kunne. A 2014 Arturo Casadevall da Jo Handelsman suka ɗauko tarukan ƙungiyar masana ƙananan ƙwayoyin cuta ta Amurka, zama 460, suka ƙirga. Ba fannin zuciya ba ne, amma ku ji. Inda masu shirya zaman duk maza ne, mata kashi 25 ne cikin masu jawabi. Inda akwai mace ko ɗaya cikin masu shiryawa, kashi 43. Ƙungiya ɗaya, shekaru ɗaya, masana ɗaya. Mace ɗaya tak! Matan ba daga sama suka faɗo ba, suna nan, ba a tuna su ne.

Me ya jawo? Ku duba yadda ake tsara jadawali. Mutum biyar sun zauna, shayi na gabansu, aka ce wa zai yi magana kan gazawar zuciya? Sunan da ya fara faɗowa a baki shi ake rubutawa, kuma abokin karatu ne ko wanda aka kwana tare a kiran dare. Babu mugunta a ciki. Kamar ɗan kamashon turotiro, wato motar haya, ne a tashar Kejetia, fuskar da ya saba gani ita yake fara yafitowa. (dariya)

Gyaran kuwa aikin takarda da biro ne. Ku ɗauko jadawalin shekara biyar da suka wuce, ku ja layi uku: mai babban jawabi, mai shugabantar zama, mai gabatar da baƙi. Kada ku haɗa su, domin nan ake ɓoye barna. Za a ce mata sun kai sulusi, ka duba ka ga duk a layi na uku suke, suna miƙa makirufo. Sannan a sa mace a kwamiti tun kafin a zaɓi maudu'i. Kafin, na ce. In an gama rabon manyan jawabai sannan aka kira ta, ado aka yi da ita. Kowane gurbi a tanadi suna uku. Ta farko in ta ce ba za ta samu zuwa ba, a kira ta biyu, kada a ce ai mun gwada. A aika gayyata da wata shida a gaba, a faɗi a fili wa zai biya jirgi da masauki, domin mai goyo ba ta shirya tafiya cikin mako biyu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gano mace ɗaya sananniya, kowane taro ita, har ta gaji ta fara ƙi, sai a ce ga shi, su ne ba sa so. Wani kuskuren, a kira ƙwararriya kan bugun zuciya a ce ta yi magana kan "mata a aikin likita".

Na huɗu... na uku ne ko? To na uku. Binciken asibitin Mayo na Amurka, 2017: in namiji ya gabatar da likita mace a wajen lacca, kusan rabin lokaci bai ce mata Dakta ba. A 2019 Francis Collins, shugaban cibiyoyin binciken lafiya na Amurka a lokacin, ya ce ya daina amsa gayyatar zaman maza zalla. Na'am, Hajiya?

(Tambaya daga zaure: wannan ya canza wani abu ga marar lafiya?)

Yauwa. Abin da ake tattaunawa a taro shi ake ba kuɗin bincike. Ɗauki ciwon zuciyar haihuwa, wanda ke kama mace a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan ta sauka. A Zariya Davidson da Parry suka bayyana yawansa a shekarun 1970, suka danganta shi da wankan jego da kunun kanwa. Binciken Kano na baya-bayan nan ya fi karkata ga talauci da ƙarancin sinadarin seleniyam. Cikin waɗanda suka dage har duniya ta waiwayi ciwon akwai Karen Sliwa ta Afirka ta Kudu, wadda ta shugabanci Tarayyar Zuciya ta Duniya daga 2019. Don haka, Hajiya, mai jego in ta zo miki daga unguwar Aboabo ƙafa a kumbure, tana haki, ba ta iya kwanciya sai ta tara matashi uku, kada ki ce gajiyar haihuwa ce. Ki auna hawan jini, ki saurari huhu, ki tura ta asibitin Komfo Anokye a ɗauki hoton zuciya. In hoton ya nuna ƙarfin harba jinin zuciyar ya gaza kashi 45 cikin 100, to ki sa wannan ciwon a gaba. Ga kiran la'asar can, na huɗun sai wani zaman.