Lacca: 'Ya'yan Ma'aikata, Kunyar Asali da Littattafan Zane

Assalamu alaikum jama'a. Na can baya, kuna ji na? To madalla. Abubuwa huɗu na shirya faɗa a kan littattafan nan masu ba da dogon labari da zane, musamman waɗanda 'ya'yan masu aikin ƙarfi suka zana a kan iyayensu, da kunyar da ke kama yaro idan karatu ya ɗaga shi sama da gidansu.

Na farko, wannan kunya a ido take. Yaro bai san ubansa talaka ba ne sai ranar da ya ga wani yana kallon takalmin uban, ko hannunsa da aiki ya cinye. Pierre Bourdieu, masanin zamantakewa na Faransa, wanda shi kansa ɗan ma'aikacin gidan waya ne, ya nuna a littafinsa na 1979 cewa hatta abin da kake sha'awa da yadda kake zama a kujera suna tona inda ka fito. Marubuci sai ya cika shafi uku yana wannan bayani. Mai zane kuwa hoto ɗaya ya ishe shi.

Wannan ya kawo ni ga Raymond Briggs, Baturen Ingila, an haife shi 1934, ya rasu 2022. A 1998 ya fitar da Ethel & Ernest, tarihin iyayensa daga haɗuwarsu a 1928 har rasuwarsu a 1971. Uwar 'yar aiki ce a gidan masu kuɗi, uban kuma mai raba madara gida-gida a Landan. Kun san yadda suka haɗu? Tana karkaɗe tsumman goge ƙura ta taga, shi kuma yana wucewa a kan keke, sai ya ɗaga mata hannu. (Dariya.) Samari na ga kuna rubutawa, ba wannan ne darasin ba!

Ku lura da kyau, a littafin nan kunyar daga uwar ta fara. Ethel ta yi shekaru tana goge kayan masu hali, ta san yadda suke magana, ta san abin da suke rainawa. Saboda haka ba ta yarda a kira su ma'aikata. Mijin yana goyon bayan jam'iyyar Leba, wato jam'iyyar ma'aikata ta Ingila, yana alfahari da guminsa, ita kuwa tana gyara masa magana. A gida ɗaya fa, jama'a, a kan tebur ɗaya. Da ɗan ya ci jarrabawar shiga makarantar masu ƙoƙari, kamar ta tashi sama don murna, ga shi cikin kayan makaranta, za a yi ma'aikacin ofis. Sai yaro ya ce makarantar zane zai tafi. Ku dubi fuskarta a wannan shafi. Ta yi hawa da shi tsani-tsani, ya zo ya ce ba can zai nufa ba.

Sannan ga mataji. Ya girma, ya tara gashi, kullum ya zo gida sai ta miƙa masa mataji. Kullum mataji. Za ka yi dariya da farko, daga baya ka gane tsoro ne: kada maƙwabta su ga ɗanta su ce ai dama 'ya'yan su wane ne. Wallahi wannan matajin ya fi mini dogon sharhi. Briggs bai zage ta ba, bai kuma wanke ta ba. Ya zauna ne ya zana labulen gidan, da murhu, da kujerun da suka saya da ƙyar, ɗaya bayan ɗaya. Wanda yake jin kunyar abu kau da kai yake yi, amma ba ka iya zana abu sai ka zuba masa ido na tsawon lokaci. Nan ne nake ganin zane ya sha gaban rubutu zalla.

Na uku... ko na biyu nake? To, lokaci ya ja, bari in yi sauri. Kate Beaton, 'yar tsibirin Cape Breton a gabashin Kanada. Ta gama jami'a da bashin karatu a wuya, sai a 2005 ta tafi lardin Alberta da ke yammacin Kanada aiki a wuraren haƙo mai. Littafinta Ducks ya fito 2022. A can ta tarar da mazan yankinsu, tsofaffin masunta da mahaƙa kwal da sana'arsu ta mutu. Wasu sun ci mata mutunci, ta zana hakan ba ɓoye-ɓoye, amma ta ƙi yarda masu zama a birni su mai da su dabbobi. Ku nemi littafin.

Na ga hannu. Bismillah, ƙanwata.

(Wata ɗaliba ta tambaya ko wannan ba tona asirin iyaye ba ne don a burge masu kuɗin sayen littafi.)

Tambaya mai nauyi, kuma kina da gaskiya a wani ɓangare. Yawancin masu sayen littattafan nan ba leburori ba ne, kuma iyayen Briggs sun rasu ba su ga yadda ya zana su ba. Amma akwai Étienne Davodeau na Faransa. A 2005 ya fitar da Les Mauvaises Gens a kan iyayensa, mutanen yankin Mauges a yammacin Faransa, waɗanda suka shiga masana'anta tun suna yara, suka zama 'yan ƙungiyar ƙwadago. Ya zaunar da su ya yi musu tambayoyi, ya riƙa nuna musu shafukan da ya zana, har gardamar da suka yi da shi ya saka a ciki. Sai ki ga iyayen suna duba hotonsu, suna cewa mu ai ba mu kai a yi littafi a kanmu ba. Idan ke ma kina da niyyar zana naku gidan, ƙanwata, ki fara kai musu shafin farko su gani, ki kuma bar musu wurin da za su ce miki ba haka aka yi ba.

An ɗago mini takarda, lokaci ya cika. Na huɗun sai wani zama.