Me Ya Sa Ake Harbin Sufakondakta Da Gangan?

To jama'a, yau maganar sufakondakta za mu yi, irin kayan nan da in ka sanyaya su sosai wutar lantarki take ratsa su ba zafi ba asara ko kaɗan. Amma fa akwai iyaka, in wutar da ka tura ta wuce wani mizani sai asara ta dawo, wayar ta fara ɗumi. Wannan iyakar ita masana suke ta faman ɗagawa, kuma wallahi dabarar tana ban mamaki, lalata kayan ake yi da gangan.

Ku kalli nan. A irin su YBCO, wani sufakondakta da aka gano a 1987, wanda yake zama sufakondakta a wajen Kelbin 92 (wato kusan digiri 181 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos), ƙarfin maganaɗisu yana kutsawa ciki a matsayin wasu siraran zaruruwa, tun 1957 Abrikosov ɗan Rasha ya lissafo haka. To da ka saki wuta sai ta riƙa ingiza zaruruwan nan gefe, da sun motsa kuwa shi ke nan, zafi ya taso. In kiristal ɗin, wato jerin atam ɗin da ke cikin kayan, tsaf yake ba tabo, babu abin da zai riƙe su, kamar awaki ne a fili ba turke. Tabon shi ne turken, domin zaren ya fi son zama inda wurin ya riga ya lalace.

A 1991 wani masani mai suna Civale da abokan aikinsa a kamfanin IBM suka harbi YBCO da atam na kuza mai ƙarfin MeV 580 (MeV ma'aunin kuzarin ƙwayar da aka harba ne), kowane ɗaya ya bar doguwar hanyar ɓarna mai faɗin 'yan nanomita (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), sai zaren ya kwanta a ciki gaba ɗayan tsawonsa, wutar da kayan ke ɗauka ta haura sosai, musamman in maganaɗisun ya daidaita da hanyoyin. Furoton kuma, wata ƙwaya daga tsakiyar atam, in aka yi harbi da shi ƙananan tabo yake bari a warwatse, da shi masana a cibiyar bincike ta Argonne a Amurka suka ninka wutar da wayar sufakondakta ta kasuwa ke iya ɗauka sau 2 a 2013.

Sai dai fa ɓarnar in ta yi yawa, ita kanta hanyar wutar take toshewa, kuma sai kayan ya buƙaci ƙarin sanyi kafin ya yi aiki. Nan ne hankalina ya fi tsayawa, saboda injinan haɗe atam da ake son samar da lantarki da su. Maganaɗisun irin injin da jami'ar MIT ta Amurka da kamfanin Commonwealth Fusion suka gwada a 2021 ya kai tesla 20 a ma'aunin ƙarfin maganaɗisu, da irin wayar nan aka naɗe shi, kuma a cikin injin gaske niyutiron, su ma ƙwayoyin tsakiyar atam, masu MeV 14 za su riƙa fitowa ba ƙaƙƙautawa, waɗanda suka kai ga wayar su yi mata tabo. Gwajin da aka yi da niyutiron a birnin Biyana na Austriya ya nuna a matsanancin sanyi wutar da wayar ke iya ɗauka, wato ƙarfinta, yana ƙaruwa da farko, sannan ya juya ya gangaro. Shi ya sa kaurin garkuwar da za a sa tsakanin niyutiron da maganaɗisun ba wasa ba ne, ita za ta yanke shekarun da maganaɗisun zai yi da kuma girman injin.